Filin Tambaya da Amsa: Abin Lanƙwasa Gashin Ido, Wanne Ya Dace da Idonki?

Yawancin wasiƙun da suka taru mana a wannan karon a kan abu ɗaya suke, wato ɗan ƙarfen nan mai kama da almakashi da ake matse gashin ido da shi don ya ɗaga sama. Wata ta saya ya mintsine ta, wata ya guntule mata gashi, wata kuma ta rasa wanda za ta ɗauka. Mun tsamo waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina so in sayi abin lanƙwasa gashin ido, amma duk waɗanda na gani kamarsu ɗaya, in ban da launi da sunan kamfani. Da me zan gane wanda zai yi mini? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba laifin idonki ba ne. Tun shekarun 1920 da 1930 da aka fara ƙera shi a Amurka, inda samfurin Kurlash ya yi fice, siffarsa ba ta sauya can-can ba. Sai dai kama da wane ba ta wane.

Fara da sanin sassansa. A ƙasa akwai mariƙai biyu da ake zura yatsu, da ƙusar da ta haɗa su. A sama akwai baki mai leɓe biyu. Leɓen sama siririn ƙarfe ne lanƙwasasshe, ba ya motsi. Leɓen ƙasa kwari ne da aka kwantar da 'yar roba a ciki, shi ne yake hawa da sauka a jikin sanduna biyu na gefe. In kin matse mariƙan, robar ta hau ta tokari ƙarfen sama, gashin da ke tsakaninsu ya tanƙware a kan bakin ƙarfen. Iyakar aikin ke nan. Saboda haka abin dubawa shi ne bakin, kuma awo biyu ne a jikinsa suke raba gardama: faɗinsa da zurfin lanƙwasarsa.

Faɗin yana da sauƙin ganewa. Ki tsaya gaban madubi da rula, ki rufe ido ɗaya, ki auna daga gashin farko na kusa da hanci zuwa na ƙarshe a wutsiyar ido. Idon baligi yakan kai kamar santimita 3, bakin abin kuwa akan yi shi daga wajen santimita 3 har kusan 4. Ki nemi wanda ya yi daidai da awonki, ko ya ɗara shi da milimita 2 zuwa 3. In ya yi kaɗan, sandar gefe za ta sauka a kan gashin wutsiyar ido, ta karkatar da wasu, ta bar wasu a waje. In ya yi yawa, ba zai shiga gurbin ido ba, sai ya riƙa cin karo da karan hanci.

Zurfin lanƙwasa shi ne wanda ba a cika kula da shi ba, alhali shi ne uwa uba. Riƙe abin a tsaye ki leƙo bakinsa ta sama. Za ki ga wani ya zagayo sosai kamar rabin zobe, wani kuma ya ɗan lanƙwasa ne kawai kamar jinjirin wata. Ido ma haka yake. Dara-daran idanu masu fitowa waje suna son mai zurfi. Dogon ido wanda fatarsa ta kwanta shafal yana son mai ƙarancin lanƙwasa. Don ki san naki, ki sa a ɗauki hoton fuskarki ta gefe, ido a rufe. In fatar idon ta yi tudu ta kusa kai layin ƙashin gira, idonki mai fitowa ne. In ta shige can ciki, ƙashin gira ya yi mata rumfa, mai kwarmi ne, kuma ke sai ki ƙara da duba tsawon leɓen sama, domin mai tsawo zai tokari ƙashin gira kafin ya isa tushen gashi.

Kamfanoni sun san da wannan. Na Shiseido, daga Japan, an san shi da faɗi da ƙarancin lanƙwasa. Tweezerman kuwa lambar da ke nuna zurfin lanƙwasa yake sa wa wasu nasa: digiri 38 don dogon ido da mai kwarmi, digiri 60 don zagayayyen ido. Amma wannan lissafin nasu ne, ba ma'aunin da kowane kamfani ke bi ba, don haka kada ki je neman lambar a jikin kowane kwali. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ki ɗora tsabtataccen abin a kan rufaffen ido ba tare da matsewa ba. Leɓen sama ya kwanta a jikin fata daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba rata a tsakiya, ba tsira a gefe.

Bayan wannan sai ingancin ƙira. Rufe bakin ki ɗaga shi wajen haske. Ƙarfen sama ya sauka a tsakiyar robar tun daga farko har ƙarshe, kada haske ya ratsa ta ko'ina. Bi bakin ƙarfen da yatsa, ki ji ko da kaifi ko gargada. Girgiza mariƙan hagu da dama, in suna lilo, ƙusar ta yi sako-sako tun kafin a fara aiki. Buɗe shi iya buɗuwa: gashin fatar sama yakan kai milimita 8 zuwa 12, kuma bakin da ba ya wangalewa sosai sai kin yi ta cusa gashi kafin ya shiga. Ki tabbata akwai robar canji a cikin kwalin, kuma ana samun irinta daban in ta ƙare.

Wasu suna da sifirin da ke buɗe su da kansu. Yana sauƙaƙa wa mai raunin yatsu, amma mu dai mun fi son marar sifirin, domin hannu ya fi jin iyakar ƙarfin da yake sawa.

TAMBAYA: Duk sanda na matse sai ya kama mini fata har hawaye ya zubo. Ni ce ban iya ba, ko abin ne ba shi da kyau? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wurin da yake kama ki shi zai faɗa miki. In a gefe biyu ne, kusa da hanci da wutsiyar ido, to lanƙwasarsa ta fi ta idonki zurfi: ƙarshensa ya riga tsakiyarsa isa fata, ke kuma kina ƙara turawa don tsakiyar ta kai tushen gashi. In a tsakiya ne, gashin gefe kuma ya tsere, to ya yi wa idonki shafal da yawa. Waɗannan biyun ba iyawa ke gyara su ba, canji ne maganinsu. In kuwa yau nan ne gobe can, matsalar riƙo ce.

Ga yadda ake yi. Zauna, ki kafa gwiwar hannu a kan tebur don kada hannun ya yi rawa. Madubin ya kasance ƙasa da fuskarki, ki ɗan ɗaga haɓa, ki kalli ƙasa da ido a buɗe. Haka gashin yake miƙowa gaba, fatar kuma ta miƙe. Buɗe bakin abin duka, ki kawo shi har gashin sama ya shiga gaba ɗaya. Matse a hankali rabin hanya ki tsaya. In kin ji fata, saki ki ja baya kamar milimita 1. In ba ki ji ba, ƙarasa matsewa ki riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10. Saki duka, matso zuwa tsakiyar gashin, ɗan ɗaga mariƙan sama, ki matse daƙiƙa 5. Sannan kusa da tsini, daƙiƙa 3, da sassauci. Matsa uku ɗin nan su ke ba da lanƙwasa mai zagaye. Matsa ɗaya mai ƙarfi a tushe karya gashin take yi, ya miƙe tsaye kamar an naɗe takarda.

In fatar samanki tana saukowa ta rufe tushen gashi, ki sa yatsan ɗaya hannun ki ɗaga gira kafin ki shigar da abin. Kullum ki buɗe bakin gaba ɗaya kafin ki janye shi daga ido. Kuma kada ki kuskura ki yi a cikin mota tana tafiya, ko da yaro a cinya. Gargada ɗaya ta isa ta tuge gashin duka.

TAMBAYA: Anti, na fi shekara ina amfani da nawa lafiya ƙalau. Kwanan nan sai na ga gashin tsakiyar idona ya guntule kamar an sa almakashi. Me ya faru, kuma zai dawo? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ɗauko abin ki duba robar a wajen haske, ki ɗan lanƙwasa ta da farce. Da wuya in ba ki ga tsaga ta ratsa tsakiyarta ba. Kullum a layi ɗaya ƙarfen sama yake sauka, yau da gobe ya huda robar. Da ya huda, gashin ya daina tanƙwarewa a kan abu mai laushi, ya koma shiga tsakanin ƙarfe da bakin tsagar, ko ƙarfe da ƙarfe. Almakashin da kika ambata, shi ɗin ne kuwa.

Mai amfani da shi kullum ta canza roba kamar duk wata 3. Mai yi jefi-jefi tana iya kai wata 6. Amma kada ki tsaya ƙirga watanni in kin ga alama: layi mai zurfi, tsagewa, taurin da ba ya lotsawa, ko danƙo. Canjin ba wuya. Zare tsohuwar, goge kwarin da auduga, cusa ƙarshe ɗaya na sabuwar, ki bi da babban yatsa har ɗaya ƙarshen, ki tabbata ba inda ta yi tudu. Sai ki gwada da siririyar takarda a wuri uku, hagu da tsakiya da dama. Matse, ki ja takardar a hankali. Riƙon ya zama iri ɗaya a duk ukun. Inda ta zame, gashi ma zai zame. Inda ta yanke, gashi ma zai yanke.

Roba ba ta shiga kowane abu. Tsawonta, lanƙwasarta da gindinta da ke zama cikin kwarin duk sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Gajeriya tana barin ƙarfe tsirara a gefe, doguwa kuma tana tasowa. Ki nemi ta samfurinki. In akwai zaɓi, mai doron kai ta fi mai shafaffen kai ba da zagayayyiyar lanƙwasa. Mai laushi ta fi dacewa da siririn gashi, mai ɗan tauri kuma da gashi mai kauri wanda ba ya jin magana. Ta silikon takan fi baƙar roba daɗewa.

In robar lafiyarta lau, to sai mu tambaye ki: kafin maskara kike matsewa ko bayanta? Maskara in ta bushe tana sandarar da gashi, sandararren abu kuwa karyewa yake yi in an tanƙwara shi. Tana kuma manne gashin a jikin roba, ki buɗe ki janye ya biyo. Lanƙwasawa ce farko, maskara ta biyo baya. Ragowar maskara, kwalli da jagira da ke taruwa a robar su ma suna wannan ɓarnar, don haka ki riƙa goge ta bayan kowane amfani. Shi kansa ƙarfen yana tsufa. In ya faɗi ƙasa leɓen ya goce, ko ƙusar ta saki, ko tsatsa ta fito, sabuwar roba ba za ta cece shi ba.

Batun dawowa, kwantar da hankalinki. Fatar sama tana ɗauke da gashi wajen 90 zuwa 160, kowanne da lokacin tsirowarsa da na faɗuwarsa, shi ya sa zubar 'yan ƙwayoyi a rana ba komai ba ne. Tsironsa a hankali yake, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita a rana ba. Yawanci cikin mako 6 zuwa 8 za ki ga wurin ya fara cikewa, wasu kuma sai sun faɗi sababbi sun maye gurbinsu, abin da kan ɗauki 'yan watanni. Ki ajiye matsewa har ya cike. Amma in kin ajiye kuma bai daina zuba ba, ko gira ma ta fara, ko bakin fatar yana ja yana ɓamɓaroki, je wurin likita. Kumburin bakin fatar ido da matsalar maƙoƙo duk suna zubar da gashin ido.

TAMBAYA: Gashin idona miƙaƙƙe ne, ƙasa yake kallo. Ina lanƙwasa shi ya yi kyau, kafin awa ɗaya ya koma gidan jiya. An ce in sayi mai amfani da lantarki. Ya kuka gani? Daga wata ma'aikaciya.

AMSA: Kafin ki sayi komai, ki fahimci abin da ke riƙe lanƙwasar. A cikin silin gashi akwai wasu ƙulle-ƙulle masu rauni da ruwa da zafi suke kwancewa, su sake ƙulluwa in gashin ya bushe ko ya huce. Siffar da gashin ke ciki a lokacin da suka ƙullu, ita zai riƙe har ruwa ya sake taɓa shi. Abin da ya sa gashin kai da aka miƙar yake komawa yadda yake in ya sha ruwa ke nan.

To ki duba inda ruwa ke shigo miki. Matse gashi da danshin wanka bai gama bushewa ba aikin banza ne, kuma jiƙaƙƙen gashi ya fi saurin lalacewa. Man shafawa da ya gangaro kan gashi yana sa shi santsi da nauyi. Babbar mai laifi kuwa ita ce maskara ta yau da kullum, domin da ruwa aka haɗa ta: kin lanƙwasa, kin jiƙa, ya kwanta. Wadda ba ta jin ruwa da kakin zuma da sinadarai masu saurin bushewa ake haɗa ta, sai ta daskarar da gashin a inda kika ajiye shi. Ki shafa siririn shafi ɗaya nan take bayan matsewa, ki fi ba tushe ƙarfi, ki rage a tsini. Shafi uku huɗu nauyi ne, zai janyo gashin ƙasa. Sai dai da dare ki cire ta da abin gogewa mai mai, a hankali, ba da murza ba. Mata da yawa daga nan matsalarsu ke ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, sai a kawo zafi. Akwai matan da ke ɗumama abin lanƙwasa na ƙarfe da na'urar busar da gashi. Yana aiki, amma daƙiƙa 3 zuwa 5 sun isa, kuma dole ki ɗora ƙarfen a cikin wuyan hannunki tukuna. Ɗumi ake nema, in kin ji zafi ki jira. Fatar ido ita ce mafi siranta a jiki, ba ta kai milimita 1 ba, ƙarfen da yatsa ya jure yana iya ƙona ta. Ashana, kyandir ko wutar girki kuwa, ko kusa.

Na lantarkin iri biyu ne. Akwai mai kamar ɗan mataji a kan sanda, da waya mai zafi a cikinsa. Akwai mai baki irin na gargajiya wanda robarsa ce ke ɗumi. Zafinsu galibi tsakanin digiri 55 ne zuwa 85 a ma'aunin Salsiyos. In za ki saya, nemi mai matakin zafi aƙalla biyu don ki fara da na ƙasa, mai alamar da ke nuna ya kai, ko fitila ko robar da ke sauya launi, mai kashe kansa in an manta, kuma mai haƙoran da suka kare wayar daga taɓa fata. Mai batir yana raguwa da zafi in batirin ya yi sanyi, har ki ɗauka ya lalace. Mai caji ya fi tsayawa a zafi ɗaya.

Mai mataji shi kaɗai ne ake iya bi da shi bayan maskara, domin ba ya matsewa. Ki sa shi ƙarƙashin gashin, ki tura sama, ki riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, ki matsa gaba. Amma ga gashi irin naki mai kallon ƙasa, shi kaɗai ba zai ɗaga tushe ba. Na matsewa ne zai ɗaga, na zafin ya kafe. Kuma zafi mai yawa kullum yana busar da gashi ya sa shi karyewa, don haka ki bar matakin sama sai ranar da ake bukata.

TAMBAYA: Tun da na sayi sabo fatar idona take ƙaiƙayi, ta yi ja, tana saɓa. Na canza maskara, bai daina ba. Daga wata mai karatu.

AMSA: Muna zargin ƙarfen. Da yawansu da wani farin ƙarfe mai suna nikel ake lulluɓe su don sheƙi, nikel kuwa yana cikin abubuwan da fatar mutane ta fi ƙi. Ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana 1 zuwa 3, shi ya sa ba a cika danganta shi da abin ba. Tuna ko ɗan kunne, agogo ko maɓallin ƙarfe ya taɓa yi miki ƙuraje. In haka ne, zargin ya yi ƙarfi.

Ajiye shi mako 2. In fatar ta lafa, kin samu amsa. Sai ki nemi wanda jikinsa duka roba ne, ko wanda aka rubuta ƙarara babu nikel a cikinsa. Ƙarfe marar tsatsa yakan ƙunshi nikel, amma kaɗan yake saki, mata da yawa suna zama lafiya da shi. Kada launin zinare ya ruɗe ki: shafe ne, in ya goge, abin da ke ƙasa ya fito. Wani lokaci ma baƙar robar ce, saboda sinadaran da ake sarrafa ta da su, sai a koma ta silikon. Shafa wa ƙarfen jan farce don a tsare fata, kamar yadda wasu ke yi, ba mu goyon bayansa, yana ɓarewa kuma kusa da ido ne. Likitan fata yana da gwajin da ake manna wa a baya don a gane takamaiman abin da jikinki ya ƙi. Kafin nan kada ki shafa wa fatar ido man ƙaiƙayi mai sitiroyid da kanki, domin yana ƙara sirantar da ita, yana kuma iya ɗaga matsin cikin ido.

TAMBAYA: Ina koyon sana'ar kwalliya. Guda nawa ya kamata in tanada, kuma yaya zan tsabtace shi tsakanin mutum da mutum? Daga wata mai koyon kwalliya.

AMSA: Uku. Mai zurfi ɗaya, mai ƙarancin lanƙwasa ɗaya, da ɗan ƙaramin nan da bakinsa bai wuce kamar santimita 1 ba. Ƙaramin ba shi da sandunan gefe da za su tare shi, ana bi da shi kashi-kashi, kuma shi ke kamo gashin wutsiyar ido da manyan suka bari. Yana ɗaukar lokaci, amma babu idon da ba ya shiga. In hali ya yi, ki ninka kowanne, ɗaya na aiki ɗaya na bushewa.

Bayan kowace mace, zare robar, goge ragowar kwalliya, wanke da sabulu, sannan ki jiƙa ƙarfen da robar da sipirit mai ƙarfin kashi 70, ki bari ya bushe sarai kafin ya kusanci wani ido. Mai kashi 70 ya fi mai kashi 99 kashe ƙwayoyin cuta, domin ruwan da ke cikinsa yana hana shi saurin tashi. Amma ki sani sipirit ba ya gamawa da duk ƙwayoyin da ke kawo ciwon ido mai yaɗuwa. Don haka idon da ya yi ja, ko yake kwantsa, ko yake da hazbiya, ki ba mai shi haƙuri, kada abinki ya taɓa shi. In ya riga ya taɓa, jefar da robar. A gida ma haka, ba abin aro ba ne ko tsakanin ya da ƙanwa.

TAMBAYA: Zan iya matse gashin ido na kanti da shi? Daga wata amarya.

AMSA: In mai layi ne da ake mannawa a cire da dare, lanƙwasa naki tukuna, sannan ki manna. In ƙari ne da aka liƙa sili-sili, kada ki matse sam. Zai fasa gam ɗin, ya karya silin, ya tuge naki tare da shi.

TAMBAYA: Gashin idona gajere ne kuma a nannaɗe yake tun asali. Ƙawayena duk suna da abin, ni ma in saya? Daga wata matashiya.

AMSA: Ƙanwata, abin da suke wahalar nema ke da shi aka haife ki. Matse nannaɗaɗɗen gashi sai ya ƙara komar da shi baya ya taɓa fata, ya ma fi gajarta a ido. Abin da kike bukata ɗan burushi ne mai tsabta ko matajin gashin ido, ki riƙa taje shi sama da waje don ya warware. In wasu sili suna bauɗewa, mai mataji na lantarki a matakin ƙasa zai daidaita su.

TAMBAYA: Gashin idon mahaifiyata ya juya ciki yana sukar idon, kullum hawaye. Wannan abin zai iya fito da shi waje? Daga wani mai karatu.

AMSA: A'a, Malam, wannan ba na kwalliya ba ne. Gashin da ke gogar baƙin ido yana iya yi masa rauni har ya taɓa gani, kuma sau da yawa bakin fatar ce kanta ta juya. Tugewa da hantsaki ma sauƙin 'yan makonni ne, ya sake tsirowa da tsini. A kai Mama asibitin ido ba da jinkiri ba, akwai ƙaramin aiki da ake yi a gyara. Allah ya ba ta lafiya.

TAMBAYA: Ina so in saya wa maiɗakina a matsayin kyauta ba tare da ta sani ba. Wanne zan ɗauka? Daga wani magidanci.

AMSA: Madalla da kai, Malam, sai dai ka ɗauko aiki, domin kamar sayen takalmi ne ba ka san lambar ƙafa ba. In tana da tsoho da take jin daɗinsa, ɗauki hoton sunan da ke jikin mariƙin ka sayo irinsa sak, har da fakitin robar canji. In ba ta da shi, ɗauki mai matsakaiciyar lanƙwasa na ƙarfe marar tsatsa, ka haɗa da ɗan ƙaramin nan mai shiga kowane ido. Ka bar su a rufe cikin kwalinsu, ka kuma adana rasit ɗin, ko da za a koma canji.